Yadda Za Ki Ci Kwas ɗin Nazarin Jawabi da Faɗan Mama

Idan ke ce ɗalibar da Dakta Jan Biro ya ce ta kawo nazarin jawabin wani gwanin magana, in ba haka ba ta maimaita shekara tana kallon 'yan ajinsu cikin rigar kammala karatu, to kwantar da hankalinki. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Wata yarinya da na sani ta bi ta, kuma har yanzu tana da rai.

1. Ki rabu da manyan mutane

Kowa a ajin jawabin ɗan siyasa zai ɗauko, Dakta kuwa ya karanta irinsu har ya haddace inda ake tafi. Ke kina da gwana a gida, mai yin minti arba'in ba takarda, ba kurɓar ruwa. Masana sun daɗe da gano cewa ba a kayar da uwa a muhawara. Su ma a gida suka gano.

2. Ki tono jawabin

Magana ba ta zuwa haka kawai, sai da dalili. Ki sauko da sabuwar tukunyar da Mama ke ɓoyewa a saman kabad, ki ɗora a wuta, ki zauna bakin ƙofar kicin da littafi. Ki kunna rikodin waya, ki kifa ta bayan gwangwanin gishiri. Ƙauri zai yi sauran aikin.

3. Ki sunkuyar da kai, ki buɗe kunne

Za ta fara da, "Ke dai da littafi ake ci, da gidan nan ba mai kwana da yunwa." Gabatarwa ke nan.

"Shekara talatin ina girki, ko cokali ban taɓa ƙonawa ba." Wannan kafa mutuncin mai magana ne. "Wata tara na ɗauke ki, ƙafafuna kamar ganga." Wannan taɓa zuciya. "Ga 'yar maƙwabta can, ƙanwar bayanki ce, ita ke riƙe da gidansu." Hujja ta kwatance, mai zafi.

Kada daɗi ya kwashe ki. Yarinyar da na sani ta manta ta ce, "Kai, wannan jimla ta yi kyau," aka ƙara mata minti goma. Sun yi amfani a babi na biyu.

4. Ki rubuta da yaren jami'a

Kalmar "faɗa" kada ta fito ko sau ɗaya. Ki ce "jawabin gargaɗi a muhallin girki". Mama kuma ta zama "Mai Jawabi". Inda ta bar tukunya ta koma kan dangin babanki, ki ce ta faɗaɗa fage. Zancen cokalin nan, da yake kin san bara ta ƙona tukunya biyu, ki rubuta cewa ƙarin gishiri ne don ƙarfafa hujja. Shafi goma sha biyu ya isa.

5. Ki shiga ofishin Dakta da bismilla

Zai karanta, ya ajiye jan biron bai taɓa takardar ba, ya cire tabarau.

"Wace ce wannan? Shekara ashirin ina koyar da abin nan, ban ji an rufe jawabi haka ba."

Ki ce, "Wata 'yar gwagwarmaya ce, Dakta." Ba ƙarya kika yi ba.

"Madalla. Sai dai ƙa'idar sashe: duk wanda aka naɗi muryarsa sai ya karanta ya sa hannu. Ba sa hannu, ba maki. Ki kawo ran Juma'a."

Ki dafa teburin.

6. Ki kai wa Mai Jawabi

Za ta zauna bakin gado ta karanta tsaf, tana lasar yatsa tana juya shafi. Ke ki tsaya kusa da ƙofa.

"Wace ce Mai Jawabi?"

"Ke ce, Mama."

"Ni ce mai ƙarin gishiri?"

"A ilimance ne, Mama."

"Kunna min in ji."

Za ta saurara har ƙarshe, ta turo miki takardar.

"Ba zan sa hannu ba."

"Mama, shekara fa zan maimaita."

"Ki maimaita. Wannan za ki kai wa malamai su ɗauka iyakar bakina ke nan? Ranar mura nake yi, ji yadda muryata ta dushe. Rabin laifinki ma ban taɓo ba. Matso da wayar nan kusa, yanzu na samu dalili na gaske."

7. Ki kunna

Awa ɗaya da kwata. In ta gama za ta sa hannu da kyau, ta ce wancan rikodin na farko a goge. Kina da kwana biyu ki sake rubuta komai daga fari, kuma za ta duba kafin ki kai.

Gargaɗi: Marubuciyar nan ba ruwanta da tukunyarku, ko kunnenki, ko abin da dangin babanki za su ji. Haka kuma ba hannunta idan Dakta ya gayyaci mahaifiyarki ta yi wa aji lacca, ta ce ki tashi tsaye a gan ki.