Ranar da Na Nemi Gafara Kafin Lokaci

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tara mutane a gidana na unguwar Itapagipe na yi musu bankwana da duniya ba.

A shekarun nan ne ciwon kumburi ya shigo Bahiya, garin da aka kawo mu bauta a ƙetaren teku. Zai fara wa mutum daga ƙafa, ya hau ciki, kafin wata biyu an kai shi kabari. Ni kuwa ɗan dako ne a bakin jirgi, mai hawa tudu da buhu a ka, sai na wayi gari ƙafafuna sun yi suntum. Zuciyata na bugawa kamar ana daka, ga tashin zuciya. Na tsorata ƙwarai. Na fanshi kaina daga bauta da ƙyar, ga shi zan mutu ban more ba.

Na aika aka kira 'yan uwa Hausawa, ciki har da Audu abokin dakona, da Malam Garba wanzami. Maimakon in bar wanzami ya duba ni (ai na riga na yanke wa kaina hukunci), sai na miƙe a tabarma na fara neman gafara ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan maiɗakina, sai na dube ta.

"Ki yafe mini. Shekara uku ke nan tuwon rogon da kike ƙulle mini ban ci ba. Audu ke cinyewa."

Audu ya sunkuyar da kai. (Kowa ya dubi kumatunsa, aka gane gaskiya ce.)

Hawaye na zubo mata ta ce, "Na yafe maka, Malam. To me kake ci?"

Na ce busasshen kifin gishirin nan na Turawa, wurin wata Bayarabiya a bakin jirgi, safe da rana. In kora da baƙin kofi moɗa uku, in bi da goro.

Malam Garba ya matso. Ya danna ƙaurina da yatsa, ya buɗe idona, ya sa kunne a ƙirjina. Cikin natsuwa ya ce abubuwa da yawa kan kawo haka: ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ƙarancin jini, ko ciwon da ake tsoro a gari. "Akwai kuma juna biyu, amma wannan na cire maka shi." Aka fara murmushi. Ya ce shi dai gishiri yake zargi da riƙe mini ruwa, kofi da goro kuma su ke kaɗa zuciyar. In bar su mako guda, in kumburin bai sauka ba a kai ni wurin likita.

Wani tsoho da ya riga ya fara yi mini addu'a ya shafa, ya nemi takalminsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na ɗan yi fatan wanzamin ya yi kuskure.

Kwana shida ƙafa ta saɓe. Na je wurin maiɗakina ina fara'a, na tuna mata ai ta yafe mini a gaban shaidu.

Ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Wanda zai mutu na yafe wa, Malam. Kai kuwa ga ka nan."

Tun daga ranar a gabanta nake cinye tuwon rogo kafin in fita, Audu kuma ya rame. Abin da na koya shi ne, neman gafara abu ne mai kyau, amma a bari wanzami ya fara magana.