Ɓarauniyar Kunnen Yahuza

"Ina gajiya, Yahuza?"

"Lahiya lau."

"Ina iyali?"

"Lahiya lau."

"Ina kwaɗayi da baƙar rowa?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

Hajiya Zuwaira ta saki baki tana kallonsa. Yahuza ne fa, taubashinta, ɗan gwaggonta, wanda tun suna yara a gindin dutsen Kwatarkwashi ba ta taɓa jefa masa ɗaya bai rama da uku ba. Ga shi yau a kan tabarma a tsakar gidansa na Bungudu, ana zaginsa yana godiya. Shekarun da ya kwashe yana tsaron injin niƙa su suka cinye masa kunne, har 'ya'yansa suka saya masa na'urar ji, 'yar abar nan da ake maƙalawa a bayan kunne. Matarsa Fatsuma ce mai kula da ita. Tun da Allah Ya yi mata rasuwa bara na'urar ta lalace, shi kuma ya ce a bar masa kayansa.

Abin ya ci wa Zuwaira rai ƙwarai. Can Tudun Wada, a gidan ɗanta na Gusau, daga mai durƙuso sai mai "Hajiya, Allah ya ƙara girma." Sa'o'inta duk sun kwanta dama. Mutum ɗaya tak ya rage a duniya da zai dubi tsabar idonta ya ce mata mummuna, shi ma ga shi yana neman kuɓuce mata. Ta ja kujera 'yar tsugunno, ta matsa daidai kunnensa na dama mai ɗan sauran rai, ta buɗe murya har kajin gidan suka watse.

"Cewa na yi ina rowa!"

"A'a, Zuwaira, ashe magana kike? Ni ina cewa mota ta taka agwagwa."

"Bawan gidanmu, tashi ka gaida uwargijiyarka."

"Uwargijiya mai ƙafa kamar muciya? Wa ya biya miki kuɗin mota? Ko bayan buhun gawayi kika laɓe, direba bai bambance ku ba?"

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ina ɗan kunnen naka na 'yan mata? Yau ban ga amarya ta yi ado ba."

"Ke dai bari! Tun zuwanki na makon jiya abin nan ya ɓace. Bara'atu matar ɗana ta juye ɗaki kaf. Har akuya muka turke muna bin kashinta da tsinke."

"Kun samu?"

"Mun samu kashi."

Dariya ta ƙwace wa Zuwaira har da tari. Ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta ɗago na'urar da yatsu biyu tana lilo da ita a gaban hancinsa. Yahuza ya zaro ido ya dafe hula.

"La'ilaha illallahu! Bara'atu, saki akuyar nan, ga babbar ta zo da ƙafarta! Ɓarauniya!"

"Kayan taubashi ba su da sata, tun kaka da kakanni. Kai wa ya kama ka ran da ka kore mini tunkiya ana sunan ɗana Tajuddeen?"

"Tunkiyar ce ta biyo ni tana kuka, ta ce yunwa za ta kashe ta a gidanki."

"To ni ma wagga ita ta biyo ni, ta ce in cece ta daga hannun jahili. Gusau na kai ta, shagon masu kayanta kusa da asibiti. Mai shago da ya buɗe cikinta sai da ya kira maƙwabcinsa suka yi dariya tare. Batirin agogo, Yahuza! Kuma ɗan tiyon da ke kai magana cikin kunne ya tsage, ka yanko robar bawul ɗin keke ka cusa."

"Ya shiga ko bai shiga ba?"

"Ai ƙwarar gero ma tana shiga kunne, sai ka ji labarai da ita."

"Mi ya raba batir da batir? Duk azurfar ƙarya ce."

"Abin da ya raba ni da kai. Kowace na'ura da irin nata. Naka mai 'yar takarda ruwan goro ne a baya, in ba shi ba ko ka cusa goma banza ta kori wofi. Tiyo kuwa ya sa sabo, irin na kamfaninta."

"Oh, ni Yahuza! Mai sayar da ƙuli ta zama likita."

Muryarta har ta fara dushewa don ihu, amma ba ta fasa ba. Ta zazzage wata 'yar leda a kan cinyarta, robobi farare masu kama da hular kwano suka zubo, na toshe bakin kunne, manya da ƙanana. Sai ga katin batira a ƙarshe.

"Mai shago ya ce a gwada a ga daidai ramin kunnenka. Na ce masa ya ba ni murfin randa in akwai."

"Kin dai auna da bakinki."

Ta ɓare takardar bayan batir ɗaya ta ajiye shi a tafin hannu. An ce mata sai ya ɗan sha iska kafin a sa, ita kuwa ta riƙe maganar kamar karatun allo. Tana cikin jira Yahuza ya ɗauke kai, ya ce da wata murya wadda ba ta wasa ba, "Da kin bar ta yadda take, Zuwaira." Ta ji sarai, ta yi kamar ita ce kurmar. Ta sa batir, ta soka ƙaramar roba, ta kama kunnensa ta maƙala. Nan take na'urar ta ɗauki fito, fiiii, har Bara'atu ta tsaya da daka.

"Wayyo! Kin sa mini gyare a kai!"

"Ƙaramar ce, iska na fita. Ko ba a gwada ba na san kunnen jaki ya fi ƙarfin ta yara. Tsaya cik, tsoho sai motsi kamar mai kyasfi."

Ta tsakiyar ma ta ɗan yi fito. Babbar kuwa ta zauna daram, fito ya ɗauke.

Yahuza ya kasa kunne. Idonsa ya tafi wajen turmi, inda Bara'atu ta koma daka. Ya ɗaga kai saman bishiyar bedi, kurciya na kuka. Ya juya wajen katanga, rediyon maƙwabta na ta surutu. Daga nan ya karkata kunnen nan sabo wajen ɗakin da ke kusa da rumbu, mai labule shuɗi, ya daɗe a haka. Zuwaira ta shirya masa zagi mai kyau tun daga tashar Gusau, ta neme shi a bakinta ta rasa.

"Kin san abin da kika yi mini?" ya ce, bai dube ta ba. "Da kunnen ya mutu, in na zauna nan sai in ɗauka Fatsuma na cikin ɗakin can tana mini faɗa, ni ne dai ba na ji. Har amsa mata nakan yi. To yanzu ina jin turmi, ina jin kurciya. Ɗakin nan kuwa shiru."

Ya kai hannu bayan kunne zai cire. Zuwaira ta riƙe hannun. Hawaye ya zo mata, ba ta ko ɓoye ba.

"Allah ya jiƙan Fatsuma, ya sa ta huta. Ni ma ina kewarta, wallahi. Amma Yahuza, ka duba mini. Tun da aka kai ta, ko mutum ɗaya bai zage ni ba. Kowa Hajiya, kowa Inna, kamar an riga an yi mini sutura. Waɗanda suka san ni ina yawo ba zane duk sun tahi, kai kaɗai ka rage. In kai ma ka rufe kunne, wa zan zo wa Bungudu?"

Hannun dai ya sauka a hankali ya koma kan gwiwarsa. Zuwaira ta share ido da bakin mayafi, ta ja kujerarta baya, ta dubi kaji, ta ce can ƙasa-ƙasa yadda ko Bara'atu ba za ta ji ba:

"Mai kan tulu."

"Na ji ki, mai haƙoran gatari!"

"Awo? Ka ji?"

"Na ji, kuma na yi nadama. Ashe haka muryarki ta koma, kamar ana jan galan a kan tsakuwa? Wagga azaba kika sayo mini? Dubi kukanki ma, ko jinjirin biri ya fi ki kyan kuka. Tun kina 'yar mitsitsiya majina ke gaba kina biye!"

"Ƙara, don Allah."

"In ƙara mi? Mummuna!"

Zuwaira ta kwashe da dariya, hawaye na zuba, tana dukan cinya. Rabon da ta ji sanyi a ranta irin haka har ta manta. Ta tura masa katin batiran ta ce ya adana, in wannan ya mutu bayan mako guda da 'yan kai Bara'atu ta sa masa wani. Yahuza ya juya katin gaba da baya, ya laluba aljihu ya ciro goro fari ƙato, ya ɗora a kai ya turo mata abinta.

"Bara'atu ba ta iya ba, ni kuma yatsuna sun yi kauri. Ɓarauniyar da ta sace kunnen ita za ta riƙa ciyar da shi. Ki tahi da su Gusau, ki riƙa kawo mini ɗaya-ɗaya."

"Kowane mako in shiga mota saboda bawa?"

"Na ji, ni ne bawan," ya ce yana dariya. "Ke dai kar ki bari ya mutu."

Ta ɓantari goron, ta ƙulle katin a bakin mayafi, ƙulli biyu.