Kek Biyu na Sarauniyar Gari

Idan za a lissafa matan da Allah ya zuba wa baiwa a tafin hannu, dole a fara da Lorna Hufnagel, in ba haka ba ita za ta fara da kanta. A ɗan garinmu na bakin tafki, can arewacin Wisconsin, matan coci suna kiranta Sarauniyar Gari. Ita a zatonta garin da muke zaune ake nufi. Su kuwa garin fulawa suke nufi, wanda ba ya rabuwa da gashin girarta. A falonta akwai lambar yabo cikin gilashi, ta zuwa na uku a gasar kek ta gunduma, shekarar da ambaliya ta datse hanya mata uku kacal suka shiga.

Lorna ba ta sayen kyauta, yin ta take yi. Ta saƙa wa mijinta Vern rigar sanyi, hannun hagu ya ɗara na dama da kamu guda, bawan Allah ya shekara goma yana tafiya a karkace don kada a ga laifin rigar. Sabulunta na gida ya taɓa share wa fasto gashin hannu tas. Babu wanda ya taɓa gaya mata. Mutanenmu akwai kara: sai a karɓa, a ce an gode, a kai can ƙarshen kabad.

Ranar da ɗanta Curtis ya faɗa mata matarsa Kendra na da ciki, ba ta tambayi lafiyar yarinyar ba. Waya ta ɗauka ta bi gari gida-gida.

"Za mu haihu a watan Maris," in ji ta. "Walimar jiran haihuwa kuma tana hannuna."

Da ma ƙawar Kendra ce ta ɗauki nauyin walimar. Kafin ta ankara an sauke ta, an ba ta aikin hura balan-balan.

Kendra yarinya ce mai sanyin hali, ga shi an rage wa Curtis ranakun aiki a masana'antar katako. Ta sami surukarta a kicin, ta tsaya tana murza yatsu.

"Mama Lorna, abin da muke bukata ba shi da yawa. Kujerar jariri ta mota, don ba za mu taho da shi daga asibiti ba sai da ita. Sai kunzugu."

Lorna ta ajiye muciya, ta dube ta kamar ta yi saɓo.

"'Yar nan, jikan Hufnagel ne a cikin nan, ba kayan gwanjo ba. Kayan shago ba su da rai. Inji ne ya tofo su, bai san mai su ba. Abin hannu kuwa, kowane zare da addu'arsa. Ni fa da kike gani, Curtis a cikin aljihun tebur na kwantar da shi wata uku, ga shi nan ƙato."

Aka kafa doka: duk wadda za ta zo, ta zo da aikin hannunta. Abin da ya fito daga shago ba zai taka matakalar coci ba. Mata suka tono kwarashi da ulu, har da waɗanda rabonsu da saƙa tun suna makaranta.

Mutum ɗaya ce ta yi kunnen ƙashi, Twila, uwar Kendra, direbar motar 'yan makaranta. Ana saura 'yan kwanaki ta dire ƙaton kwalin kunzugu a ƙofar Lorna.

"Ga nawa aikin hannun," ta ce. "Da hannuna na ɗauko shi."

Lorna ba ta yi fushi ba, don manya ba sa fushi da jahilci. Sai ta yanke shawarar ceto kunzugun daga ƙasƙancin shago. Kowa ya san yadda ake yi: a naɗe su ɗai-ɗai, a jera hawa-hawa kamar kek, a ɗaure da ƙyalle mai kyau, bayan biki mai jego ta kwance abinta ta yi amfani da shi. Amma abin da kowa ke yi ba na Lorna ba ne. Ta kwaɓa sukari da man shanu, ta shafe hasumiyar nan daga sama har ƙasa, ta bi kowane naɗi ta lulluɓe, ta dasa furannin sukari.

Vern ya leƙo, ya yi gyaran murya. "Lorna, ba za su jiƙe ba kuwa?"

"Vern, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gareji. Je ka yi abin da ka iya."

Ya tafi.

Sannan ta juya kan kek na gaske, wanda ta ce sirrin kakarta ne daga Jamus. Ba ta sa hodar tashi ba, don ita ma daga masana'anta take. Kek ɗin ya fito daga tanda yadda ya shiga, sai dai ya ƙara baƙi da taurin kai. Ta yi masa ado iri ɗaya da na kunzugun, hawa uku-uku, har uwar da ta haife su ba za ta bambance ba.

Ranar walima ɗakin ƙasa na coci ya cika. Aka zaunar da Kendra a kujerar da aka ɗaure wa balan-balan, Lorna ta tsaya a kanta tana miƙo kyaututtuka, tana ba kowacce maki. Hula ta fito. Wata hular ta fito. Aka yi ta fito da huluna har suka taru a cinyar Kendra, wata daidai girman lemon zaƙi, wata daidai girman kabewa. Safa guda uku, babu wadda ta san 'yar'uwarta. Kendra tana ta "na gode, kai, ya yi kyau", murya na ƙara sirancewa, ido na zuwa ƙofa ko wani babban kwali zai shigo. Bai shigo ba.

Na ƙarshe bargon Lorna. Da aka warware shi, aka jingina da bango, ya tsaya da ƙafarsa.

Twila kuwa tun shigowarta take kallon hasumiya ta biyu. Ta matsa, ta lakaci sukarin da yatsa, ta ga kunzugun da ta kawo ne a ƙasa. Ta dubi 'yarta, ta dubi Lorna, ta koma ta zauna tana huci kamar motarta a kan tudu.

Lorna ta buga cokali a jikin kofi.

"'Yan'uwana mata, yau ba ranata ba ce." Ta dakata don a musa. Ba a musa ba. "Amma tun da kun matsa, zan ce wani abu. Zamani ya lalace. Uwa ta shiga shago, ta tura keke, ta ce ta yi wa ɗanta tanadi. Ni ban iya ba. Waɗannan hannuwan," ta ɗaga su sama, "ba su taɓa hutawa ba. Ba don yabo nake yi ba, ko lambar da ke falona ba na son a riƙa ambato."

Ta ɗauki wuƙa ta doshi kek na gaske. Wuƙa ta lanƙwashe. Aka kira Vern daga mota, ya zo ya hau kai da nauyinsa, kek ya tsage da ƙara kamar an fasa icce. Aka rarraba. Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar cokula masu neman hanya. Matar fasto ta zura nata cikin jaka. Wata ta binne nata a tukunyar fure.

A ƙarshen tebur akwai Goggo Ardis, ƙanwar mahaifin Vern, mai shekara casa'in da wani abu. Kunne ya tafi, ido ya bi shi, baki ne kawai ya rage, shi kuwa bai san rada ba. Ta tsoma yankinta a kofi, ta jira, ta ciro shi yadda yake. Sai ta miƙe da sandarta, ta lallaba zuwa teburin, ta zaro naɗi guda daga hasumiya ta biyu, ta koma ta zauna ta kafa masa dasashi.

Lorna ba ta gani ba, tana can tana gyara tsayuwa don hoto. Da ta juyo ta ga tsohuwa na tauna da gaske, sai farin ciki ya kama ta.

"Ku saurara! Goggo Ardis ta ci kek ɗin kakata tun ina cikin zani. Goggo, gaya musu, yaya kika ji?"

"Me?"

"Kek ɗin! Yaya kika ji shi?"

Tsohuwa ta zaro zaren auduga daga bakinta, ta ɗaga naɗin da ta gatsa.

"Lorna, wannan na biyun ya fi laushi. Yau dai kin yi ƙoƙari."

Kendra ce ta fara. Ta toshe baki da hular kabewa, kafaɗu na rawa, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye, tana riƙe da ciki. Ɗaki ya ɗauka. Karar shekara ashirin ta zube a wuri ɗaya. Har Vern ya juya wa bango fuska, rigarsa na girgiza.

Twila ta miƙe, ta karkaɗa makullinta.

"To, jama'a, wasa ya ƙare. Kowa ta je ta buɗe bayan motarta."

Ashe kowace mace ta bi doka a cikin coci, ta karya ta a filin ajiye motoci. Suka ɗunguma waje da Kendra a tsakiya. Can cikin sanyi aka fito da kujerar mota, da kwalaye na kunzugu, da kwalaben madara, duk sababbi fil daga shago, babu ko zare ɗaya mai addu'a. Shewarsu na shigowa ta taga.

Lorna ta tsaya tsakanin hasumiyoyinta biyu, babu kowa sai tsohuwa. Goggo Ardis ta jawo hannun rigarta.

"Naɗe mini biyu in tafi da su gida," ta ce. "Amma na wannan gefen. Wancan ki bar wa Vern ya tokare tayar mota."