Farar Wuta a Lambun Surukina

Ranar da surukina, Alhaji, ya ce gwaibobi takwas na lambunsa da ke Bulkachuwa suna yaushi, sai na gyara zama na ce ya bar min maganar. A wayata na karanta cewa manoman Iran suna zuba farar wuta a gindin wani itace mai 'ya'ya kamar gyaɗa, ta rage masa ciwon yaushi da ke fitowa daga ƙasa. Ban taɓa ganin itacen ba, amma ai itace itace ne.

Na sayi buhu guda na farar wuta a kasuwar Azare. Malam Jauro, wanda ya shekara ashirin yana kula da lambun, ya dubi buhun ya dube ni.

"Malam, da ka tona gindin ka duba tukuna."

"Malam Jauro, wannan bincike ne," na ce. Na auna tiya biyu ga kowace bishiya, na ƙara da hannu saboda Alhaji na kallo.

Bayan mako uku babu ganye ko ɗaya. Jauro ya sa fartanya sau biyu a gindin wata bishiya, sai ga gara tana cin saiwa hankalinta kwance.

"Ita dai ba ta karanta binciken ba," in ji shi.

Alhaji bai yi faɗa ba. Amma har yau idan na yi sallama a gidansa, sai ya ɗaga murya: "Hajiya, Likitan Iran ya iso. A tsare min zogalen nan."