Murfin Kifin Da Ya Yi Waƙa Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗana na fari, ranar da akwatin kifina ya ci mini mutunci a gaban manyan unguwarmu, Kilomita Biyar.

Surukina Alhaji Mudi yana shirin buɗe sabon shagon kayan wuta a kasuwa, yana neman wanda zai damƙa wa. Ni kuwa na daɗe ina cika masa baki cewa aikin lantarki a jinina yake (gaskiyar magana, ban taɓa wuce canza ƙwan fitila ba). Ina son shagon nan kamar raina. Sai na ce bari in nuna masa a aikace.

Ina da akwatin gilashi a falo mai jajayen kifi guda huɗu. Na yanke shawarar yi masa murfi mai fitilu. Na samo falanki, na liƙa takardar gwangwani a ciki don haske ya ƙaru, sannan na shiga kasuwa. Wani mai tebur ya miƙo mini doguwar waya mai ƙananan ƙwayaye, da wani ɗan koren akwati a wutsiyarta. Watan Janairu ne, kuma har yana roƙona in ɗauka. Ban tambayi dalili ba, ni gwani.

Na nannaɗe wayar a cikin murfin, na cusa koren akwatin, na buga ƙusa ta ko'ina, na bi da gam. Maɓallin kashewa? Ban sa ba. Na murɗa wayar kai tsaye cikin soket na bayan kabad, na tura kabad ɗin ya koma mazauninsa. Saura gwaji, amma kwana uku unguwarmu babu wuta.

Matata Zuwaira ta ce, "Maigida, ka bari mana sai an kawo wuta ka gani."

Na ce mata ta ji da jego, ta bar wa masu aiki aikinsu.

Ranar suna falo ya cika maƙil. Ga liman, ga Alhaji Mudi da abokansa, ga Baba Simon, tsohon maƙwabcinsa Kirista da ya taso tun daga unguwar Miskine don taya murna. An raba goro, liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Daidai nan aka kawo wuta.

Murfin ya fara ƙyafta ja, kore, shuɗi. Kifayen suka haukace, suna karo da gilashi. Sai koren akwatin nan ya saki wata siririyar waƙa mai huda kunne, tin-tin-tin, tin-tin-tin. Ashe fitilun ado na Kirsimeti na sayo, ragowar waɗanda ba su fita ba.

Liman ya buɗe ido ɗaya. Na yi tsalle na kama murfin, ya ƙi ɗaguwa (wannan ɓangaren kam na yi shi da inganci). Na ja kabad, kwanukan Zuwaira suka zubo. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe akwatin, na tsaya daga ni sai singileti, waƙar ta ci gaba daga ƙarƙashin shadda, rigar tana walƙiya. Liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga murya ya ƙarasa addu'ar. A haka aka raɗa wa ɗana suna, ana amin, kifi na kiɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Simon ya riƙo hannuna, idonsa har da ƙwalla. "Singila mingi, na gode ƙwarai, ɗana. Ban zaci za ku tuna da ni haka ba."

Da aka watse, Alhaji Mudi ya matso. Ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya ce, "Ɗan nan, kai ka haɗa wannan da hannunka?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Gobe ka zo kasuwa."

Na je da rawar jiki. Ya wuce da ni ta gaban shagon kayan wuta, ko waiwaye bai yi ba, ya buɗe mini wani a lungu: bokitai, tabarmi, butoci. Ya ce, "A nan babu abin da ake jonawa."

Shekara huɗu ke nan ina sayar da bokiti. Abin da na koya shi ne, kada ka buga ƙusa a kan abin da ba ka ji muryarsa ba. Yanzu ko buta zan saya, sai na kara ta a kunne tukuna.