Ranar da Na Dafa Ƙwayoyin Biri a Taga

Sati uku muka yi muna renon ƙwayoyin halitta na ƙodar biri a ɗakin gwajinmu da ke unguwar Rusaifa a Makka, don mu ga yadda ƙwayar cutar bairos ke cinye su. Ranar da muka sa musu cutar, sai na'urar da ke riƙe su a ɗumin jiki ta lalace.

Ko gezau ban yi ba. Haifaffen unguwar Jarwal ne ni, na san Makka ba ta rasa ɗumi. Na jera kwalaben da ƙwayoyin ke ciki a bakin taga, na tafi sallar azahar ina yaba wa kaina.

Da la'asar na duba, duk sun mutu. Na ruga wurin shugabarmu, Duktura Hauwa.

"Duktura, albishirinki! Bairos ɗin nan ba ya wasa. Awa uku, khalas, ya gama da su!"

Ta gyara tabarau. "Masha Allah. Kwalbar da ba mu sa wa cutar ba fa?"

"Ita ma ta mutu."

"Tsoro ne ya kashe ta?"

Har yau, duk wanda shayinsa ya huce ni yake miƙo wa: "Ustaz, a sa mana a taga."