Gogo Khadiga Ta Zaga Ƙasa Goma Sha Bakwai

Ranar wata Talata ce, rana ta take har ƙarfen ƙofar bas ba ya taɓuwa. Ni kumsari ne, mai karɓar kuɗin mota tsakanin Hajj Yusuf da Umdurman, amma ranar na bar motar na tafi neman yayar babana, Gogo Khadiga. Ba ita kanta ba, tana gida. Hotonta nake nema.

Shekara uku ke nan masu fim suka shigo kasuwa inda take sayar da gyaɗa. Jarumin ya ɗebi gyaɗarta ya watsa a baki bai saya ba, ita kuwa ta wanke shi tas da Hausa. Mai shirya fim ya ji daɗi, ya ce a bar wurin haka. Tun ranar take jiran ta ga kanta, ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani.

Na sami shugaban hukumar fim, Mai Girma Uban Fina-finai, a ofishinsa ƙarƙashin fanka, bayansa taswirar duniya duk an soke ta da allurai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a nuna fim ɗin nan a garin nan?"

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ka san ƙasa nawa ya shiga? Ƙirga allurai."

Na bar makaranta da wuri, amma na ƙirga tara.

"A Umdurman fa mutum nawa suka gani?"

"Wannan ba ma'auni ba ne. Kwafi ɗaya gare mu, yana kan aikin ƙasa. Dawo bukra, gobe ke nan."

Allah Ya ƙara wa manyanmu basira. Ashe fim kamar auduga yake, ba a noma shi don 'yan gida. Kuma da yake bai san hanya ba, duk inda za shi sai mutum shida sun raka shi a jirgi.

Na yi ta komawa, allurai na ƙaruwa. Maƙwabcinmu Jafaru tela ya ce da ita, "Gogo, kakanninmu shekara bakwai suka yi a ƙafa daga ƙasar Hausa kafin su iso nan. Ke kin zaga duniya kina zaune a tabarma."

Ta ce, "Rufe min baki. Da na je ai da na kawo tsaraba."

Sai a allura ta goma sha bakwai fim ya dawo. Lokacin Gogo ba ta bambance ni da ƙyauren ɗaki. Duk da haka ta yafa sabon mayafi, na riƙe hannunta har sinima.

Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. In ban ga fuskata ba, ai na san muryata."

Da aka zo wurin gyaɗa na taɓa ta. Bakin Gogo ya buɗe a bango, sai ga wata siririyar murya tana Faransanci a hankali, kamar mai ba da haƙuri. An sauya muryoyin saboda masu kallo na waje.

Ta ce, "Wace ce wannan?"

"Ke ce, Gogo."

"Ni? Ta zage shi kuwa?"

Ban sani ba, babu kuma wanda ya sani a layinmu.

Ga lissafina, ko Mai Girma zai so ya soka a taswira: asarar kwanan aikina goma sha ɗaya, idon Gogo biyu, muryarta ɗaya, da zagi mai kyau guda huɗu da babu wanda zai sake ji.